Koyon lissafi ta bidiyo: tambayoyin iyaye da 'yan lakwal a Yamai

Da zarar jarrabawar BEPC (ta ƙarshen kolej) da BAC (ta ƙarshen lise) ta matso, sai ka ga yara a unguwannin Yamai sun duƙufa kan salula, wai lissafi suke koyo. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kai.

Bidiyo zai iya tsayawa a madadin mushe?

A'a. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba: ana tsayar da shi, a mayar da shi baya sau goma, ba ya gajiya, ba ya tsawa. Yaron da ke jin kunyar ɗaga hannu a aji mai cunkoso ya samu sauƙi. Sai dai bidiyo ba ya leƙa kayen yaro ya ga inda ya kauce.

Wane iri ya dace da ɗan kolej ko lise a Nijar?

Nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Khan Academy, makarantar intanet wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, kyauta ce kuma tana da sashen Faransanci. A YouTube akwai malamai irin su Yvan Monka, mai bayani dalla-dalla. Amma shi tsarin karatun Faransa yake bi, kuma Faransa ta soke tsofaffin rukunonin BAC ɗinta tun daga jarrabawar 2021, alhali mu har yanzu muna da A da C da D. Saboda haka ganin an rubuta Terminale, wato ajin ƙarshe na lise, a kan bidiyo bai isa ba. Ɗan D zai fi dacewa da malaman Burkina Faso, Binin ko Kodebuwa, inda rukunonin suka yi kama da namu.

A ganina, yaro ya buɗe kayensa, ya kwafi sunan babin da mushe ya rubuta a allo, da shi zai yi nema. Wanda ya rubuta "lissafin aji huɗu" kawai, sai intanet ya kai shi inda ba a aike shi ba.

Bidiyon malaman Najeriya fa, tunda wasu da Hausa suke bayani?

Suna taimakawa wajen gane dabara, don abin da aka faɗa maka da harshen uwa ya fi zama a kai. Amma a yi hattara da rubutun. Su 3.5 suke rubutawa, mu 3,5. Yadda suke jera rabawa a takarda ma daban ne. Har suna yana yaudara: abin da ake kira théorème de Thalès a ajinmu maganar layuka ne masu tafiya kafaɗa da kafaɗa a cikin alwatika, amma a Turanci sunan Thales na kan kusurwar da ke cikin rabin da'ira. Mai gyaran takardar BEPC kuwa tsarin nan gida ya sani.

Yarona yana kallo kullum, amma makinsa bai motsa ba. Me ya sa?

Domin kallo yake yi kamar wasan ƙwallo. In malami na warware lissafi a gabanka, komai sai ya yi kamar ruwan sha. Ya tsayar da bidiyon da zarar an karanta tambaya, ya ɗauki bik ya gwada, sannan ya duba. Misali, da yawa suna rantsuwa cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². A sa 2 da 3: na farko ya ba da 25, na biyu 13. Sha biyun da ta ɓace ita ce 2ab. Wanda ya gano wannan da hannunsa da wuya ya sake mantawa.

Kuɗin intanet da ɗaukewar wuta fa?

A rage ingancin hoton zuwa 360p, rubutun allo zai karantu. Mutum ɗaya ya sauke darasi, ya tura wa abokan karatunsa ba tare da intanet ba. Lokacin zafi kuma a yi cajin waya tun da rana.

Ni ban yi boko ba. Ta yaya zan san karatu yake yi?

Baba, ba sai ka iya lissafi ba. In ya ajiye salular, ka ce ya kawo takardar da ya yi aiki a kai. In ka ga lambobi, da gogewa, da inda aka soke aka sake, ya yi aiki. In takardar fes take, to gobe ya zauna kusa da kai a tabarma da kaye da bik kafin a miƙa masa wayar.