Tsarin Rage Sitaci da Sauran Tsare-tsaren Rage Ƙiba na Yayi

Tsarin rage sitaci hanya ce ta cin abinci wadda ake taƙaita hatsi da sukari da dangoginsu a cikinta, kamar shinkafa, burodi, taliya, tuwo, dankali, dabino da lemon kwalba, sannan a cike gurbinsu da nama, kifi, ƙwai, man shanu, gyaɗa da ganyaye. Masana abinci suna haɗa sitaci da sukari a rukuni guda da suke kira kabohaidiret. Galibi suna ɗaukar tsari a matsayin mai ƙarancinsa idan bai kai giram 130 a yini ba, idan kuma aka sauko ƙasa da giram 50 sai a kira shi kito. A bakin Hausawan Makka da Jidda da Madina, kamar sauran mutanen Saudiyya, duk wani tsari na tauye abinci domin ramewa sunansa rijim, kuma rijim ɗin kito yana cikin waɗanda aka fi yayi a shekarun nan, musamman a tsakanin matasa da matan aure masu bibiyar Snapchat da TikTok.

Tarihi

Ana danganta farkon shaharar wannan tsari ga William Banting, wani mutumin Landan mai sana'ar haɗa akwatin gawa da shirya jana'iza, wanda nauyinsa ya kai kimanin kilo 92 alhali shi gajere ne. Likitansa William Harvey ya shawarce shi da ya bar burodi, sukari, madara, dankali da giya, kuma a cikin shekara guda ya zubar da sama da kilo 20. A 1863 ya buga wata 'yar ƙasida yana ba da labarin abin da ya ci da abin da ya bari, ta kuwa sami karɓuwa ƙwarai a Ingila da wajenta.

Kito yana da wani asali dabam, kuma ba domin ƙiba aka ƙirƙire shi ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa azumi yana rage tashin farfaɗiya, to amma ba za a iya ɗora wa yaro azumi ba iyaka ba. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ya kawo shawarar abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci wanda zai sa jiki ya shiga irin yanayin mai azumi alhali ana ci. A ainihin tsarin asibiti kusan kashi 90 cikin 100 na kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, daga maiƙo yake fitowa, kuma har yanzu ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da farfaɗiya, a ƙarƙashin kulawar likita da masanin abinci.

Wanda ya mayar da al'amarin kasuwa shi ne Robert Atkins, likitan zuciya a birnin New York, da littafinsa na 1972 da kuma sabon bugun 1992. Tsarinsa yana farawa da mako biyu da ba a wuce giram 20 na kabohaidiret a yini, daga nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yayin ya kai ƙololuwa a Amurka a 2003 da 2004. Atkins ya rasu a 2003 bayan ya zame a kan ƙanƙara ya bugu a kai, kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuma ya shigar da takardun karayar arziki a 2005 da kasuwa ta ja baya. A wannan tsakanin ne tsarin Dukan ya fito a Faransa a 2000, na South Beach kuma a 2003 daga Arthur Agatston, sai tsarin Paleo mai da'awar komawa ga abincin mutanen farko kafin noma. Sunaye suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, amma jerin abin da ake hanawa bai yi nisa da na Banting ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya ci shinkafa ko burodi, hanji yana narkar da sitacin ya zama sukarin gulukos, ya shiga jini, sai jiki ya saki sinadarin insulin domin shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki. Abin da ba a ƙone nan take ba ana adana shi a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kuma ajiyar baligi takan kai giram 400 zuwa 500. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Da zarar an yanke sitaci, jiki yana cinye wannan ajiya a cikin 'yan kwanaki, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, kuma saukar insulin tana sa ƙoda ta ƙara zubar da gishiri da ruwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa sikeli yakan nuna ragin kilo biyu ko fiye a makon farko. Mafi yawan wannan ragi ruwa ne, kuma yana dawowa a cikin kwana biyu ko uku idan mutum ya zauna a gaban farantin kabsa, wato dafa-dukar shinkafa da nama, a wajen biki. Masu tallar rijim a intanet sun fi son nuna hoton makon farko, domin a nan ne lissafi ya fi yi musu daɗi.

Bayan kwana biyu zuwa huɗu na tsananin ƙarancin sitaci, hanta takan fara sarrafa kitse ta mayar da shi sinadaran da ake kira kiton, waɗanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da su a madadin wani ɓangare na gulukos ɗin da take buƙata, kimanin giram 120 a yini a yanayin da aka saba. Ɗaya daga cikin sinadaran, asiton, yana fita ta numfashi, shi ya sa bakin mai kito yakan yi wani wari na musamman. Ragin kitse na haƙiƙa yana zuwa daga baya, a hankali, kuma mafi yawansa yana faruwa ne saboda mutum ya rage yawan abin da yake ci gaba ɗaya. Nama da ƙwai suna riƙe ciki, kiton yana dakushe yunwa, sannan wanda ya haramta wa kansa burodi da lemo da kayan zaƙi ya toshe mafi yawan hanyoyin ciye-ciye tsakanin abinci. Giram ɗaya na maiƙo yana da kalori 9, na sitaci ko furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai) kuwa 4, saboda haka mai zuba man shanu ba lissafi yana iya yin kito wata da watanni nauyinsa bai motsa ba.

Abin da bincike ya nuna

Masu kare tsarin suna cewa insulin ne ke tara kitse, don haka rage sitaci ya fi rage maiƙo tasiri ko da kalori ɗaya ne. An gwada wannan da'awa sau da yawa. A 2003 mujallar likitanci ta New England ta buga gwajin da aka yi wa mutum 63, inda masu bin Atkins suka fi ramewa a wata shida na farko, amma da shekara ta zagayo bambancin ya zama ba abin dogaro ba. A 2009 Frank Sacks na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka bibiyi mutum 811 tsawon shekara biyu a kan tsare-tsare huɗu masu bambancin sitaci da maiƙo da furotin, sakamakon ya zo kusan ɗaya, kuma waɗanda suka fi halartar zaman nasiha su suka fi ramewa. A 2018 Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya raba mutum 609 gida biyu: bayan wata 12 masu rage sitaci sun zubar da kilo 6.0 a matsakaici, masu rage maiƙo kilo 5.3, ratar da masu binciken suka ce ba ta da ƙarfi a lissafi. Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan gwaji shi ne cewa a cikin kowane gida akwai wanda ya zubar da kilo sama da 20 da kuma wanda ya ƙara nauyi. Bitar 2022 ta Cochrane, cibiyar da ke tace binciken likitanci, wadda ta tattara gwaje-gwaje 61, ta kai ga matsaya guda: har zuwa shekara biyu bambancin kaɗan ne ko babu.

Ma'anar wannan ita ce tsarin yana rage ƙiba gwargwadon yadda sauran tsare-tsare masu hankali ke ragewa, kuma abin da ke raba mai nasara da wanda ya koma gidan jiya shi ne iya ɗorewa. Yana da fa'idojinsa na musamman, domin yakan saukar da sukarin jini da kitsen jini nau'in tiraigiliserayid, kuma a 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta amince da shi a matsayin ɗaya daga cikin zaɓin masu ciwon sukari nau'i na biyu. Ta ɗaya ɓangaren yakan ɗaga mugun kolestarol a jikin wasu, musamman idan maiƙon na dabba ne. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya bibiyi Amurkawa sama da 15,000 kimanin shekara 25, ya sami mafi ƙarancin mutuwa a wajen masu samun kashi 50 zuwa 55 na kalori daga kabohaidiret, haɗarin kuma ya ƙaru ga waɗanda suka musanya hatsi da nama da kitsen dabba, ya ragu ga waɗanda suka musanya da gyaɗa da ganye da man tsirrai. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sababi.

A gidajen Hausawan Hijaz

Abincin yau da kullum a Makka da Jidda a kan sitaci aka gina shi. Da safe burodin tamis ne da waken ful da shayi mai sukari, da rana kabsa ko mandi ko shinkafar bukhari, a gidajen da suka riƙe girkin kakanni kuma akwai tuwo da waina da kunu. Giram 100 na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kimanin giram 28 na kabohaidiret, don haka rabon mutum ɗaya na giram 300 ya haura giram 80, wato ya ninka ƙa'idar makon farko na Atkins sau huɗu. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin busasshen dabino sukari ne da danginsa, ƙwaya bakwai da aka ci da gahawa sun isa su cinye mafi yawan rabon mai kito na yini. Ga kuma al'adar ci a faranti ɗaya: wanda ya zauna cikin 'yan'uwa yana tsince nama yana ture shinkafa gefe ya ci rabon wasu, kuma ba zai rasa mai yi masa magana ba. Abin da ya fi dacewa da tsarin a cikin abincin gado shi ne tsire, wanda ake sayarwa da yamma a unguwannin Makka irin su Shari'ul Mansur da Hindawiyya, sai miyar kuka da kuɓewa da zogale, ko da yake miya ba tuwo abu ne da mutane kaɗan ke jurewa. Tsada ma tana da nata hukunci, domin buhun shinkafa yana ciyar da gida wata guda a kan kuɗin da ba zai sayi naman mako ɗaya ba.

Sashen koyarwar da ya fi sauƙin ɗauka, wanda kuma babu saɓani a kansa tsakanin likitoci, shi ne rage sukarin sha. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana da kimanin giram 35 na sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 a kan lemon kwalba da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari a 2017, ta faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi a ƙarshen 2019, kuma tun farkon 2019 Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abincinsu.

Sauran tsare-tsaren yayi

Akwai waɗanda ba su da ko rabin hujjar da tsarin rage sitaci yake da ita. Rijim ɗin dabino da madara, wanda ya shahara a ƙasashen Larabawa, da na miyar kabeji, duk yunwa ce aka sa wa suna. Tsarin cin abinci bisa rukunin jini, wanda Peter D'Adamo ya yaɗa a 1996, an bi diddiginsa a 2013 ba a sami gwajin da ya tabbatar da shi ba. Shayin rage tumbi sau da yawa filasko ne a ciki, wanda Larabawa ke kira sanamakki, kuma aikinsa sa gudawa, ba ya taɓa kitse. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin ramewa da ake sayarwa ta WhatsApp da sunan ganye, domin an sha samun sibutramin a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Illoli da waɗanda tsarin bai dace da su ba

A makon farko ana yawan samun ciwon kai, kasala, jiri, ɗaurewar tsoka da taurin bayan gida, mafi yawa saboda asarar ruwa da gishiri da kuma rashin dusar hatsi. A zafin Makka, inda rani kan haura digiri 45, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga direba ko mai tura keken alhazai ko mai hidima a Mina da Arafat, don haka lokacin aikin Hajji ba lokacin fara kito ba ne. Idan aka daɗe a kai ana iya samun tsakuwar ƙoda, saurin ramewa ta kowace hanya kuma yana jawo tsakuwar matsarmama. Ba a shawartar mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hanta su bi tsananin tsarin.

Masu ciwon sukari, waɗanda Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta sun haura miliyan 4 a Saudiyya a 2021, su ne suka fi amfana da rage sitaci kuma su ne suka fi shiga haɗari idan suka yi gaban kansu. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyi irin su gliclazide, idan ya yanke shinkafa bai rage magani ba, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin kuwa yana iya kamuwa da taruwar kiton mai guba a jini alhali awon sukarinsa bai nuna hauhawa ba. Haɗarin yana ƙaruwa a watan Ramadan ga wanda ya haɗa azumi da kito da magani, kuma ƙa'idar da likitocin ciwon sukari suka tsayar ita ce mai azumi ya karya nan take idan awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, sannan duk wani gyaran abinci ko na magani a yi shi da likita makonni kafin ganin wata.