Takardar wiwin masana'antu

Takardar wiwi takarda ce da ake yi da zaren karan tsiron Cannabis sativa, nau'in da ake nomawa don zare, wanda sinadarin da ke bugarwa a cikinsa bai taka kara ya karya ba. A Amurka, dokar noma ta 2018 ta kayyade shi da kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari.

Tarihi

Tarihin Sin ya ce a wajajen shekara ta 105 miladiyya Cai Lun, wani ma'aikacin fada, ya gabatar wa sarki takarda da ya haɗa da ɓawon itace, ragowar zaren wiwi, tsummoki da tsofaffin komar kamun kifi. Amma an tono gutsattsarin takarda da ake kyautata zaton sun girme tasa da kusan ƙarni biyu. Ana danganta shigar sana'ar ƙasashen Musulmi da yaƙin Talas na 751, inda aka ce Musulmi sun kama Sinawa masu yin takarda, ko da yake wasu masana na ja da wannan. Daga Samarkand ta isa Bagadaza kafin ƙarshen ƙarni na 8.

Turai ta daɗe tana yin takarda da tsummokin lilin da na wiwi, har niƙaƙƙen itace ya karɓe kasuwa a ƙarni na 19. Irin takardar tsumma ce fatake suka riƙa ratso Sahara da ita daga Italiya, kuma a kanta aka kwafi littattafai da dama na malaman daular Sakkwato. In an ɗaga warƙa ga haske, sai a ga tambarin jinjirin wata uku.

Yadda ake yi

Tsiron kan isa yanka cikin wata huɗu. Ana shanya karan a gona mako biyu zuwa uku raɓa ta ruɓar da danƙon da ke riƙe ɓawo, ko a jiƙa shi a ruwa kamar yadda ake yi wa rama. In ya zarce, zaren ya yi baƙi ya rasa ƙarfi. In bai kai ba, ɓawon ya ƙi saki. Sai a farfasa karan a ware ɓawo da totuwa. Ɓawon bai fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin kara ba, amma shi ne mai dogon zare, kuma danƙonsa kaɗan ne, don haka ba ya cin sinadari da yawa wajen dafawa da faranta shi. Ana dafa shi da soda, a wanke, a daka, a kwashe a rariya, a matse, a shanya. Dole a daddatse zaren tukuna, in ba haka ba ya nannaɗe injin.

Amfani da doka

Ta fi takardar itace tsada nesa ba kusa ba, saboda girbi sau ɗaya ne a shekara kuma karan na cin wurin ajiya. Yawanci takardar naɗa sigari da ta tace abubuwa ake yi da ita.

A Najeriya dokar 1966 ta haramta noman wiwi. Rama, wadda ake nomawa a Arewa, na ba da zare makamancinsa.