Katkat mai buɗaɗɗen baya a Maraɗi: don aiki ake saye ko don a gani?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, duba motocin da aka jera a gefen titi. Za ka ga Hilux biyu ko uku masu gida biyu, wato kujerun gaba da na baya, an wanke su suna walƙiya, bayansu ko ƙwayar gero babu. Wannan ne ya sa muhawarar ba ta ƙarewa a majalisun shayi: masu wannan mota, buƙata ce ta kai su ko neman suna? Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da nake gani a kansu.

Me ya bambanta katkat da sauran motoci?

Sunan daga Faransanci ya zo, wato huɗu da huɗu: injin yana iya tura ƙafafu huɗun gaba ɗaya. A mafi yawan Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ƙafafun baya ne kaɗai ke aiki a kullum. Sai direba ya sa giyar 4H kafin na gaba su shigo, idan kuma wurin ya yi tsanani ya tsaya ya sa 4L, motar ta riƙa tafiya a hankali kamar raƙumi amma da ƙarfin ja mai yawa. Banda wannan, cikinta ya yi nisa da ƙasa, an ɗora jikinta a kan ƙarfe mai kauri irin na babbar mota, kuma bayanta na ɗaukar kaya kusan tan ɗaya, wato kamar buhu goma na gero. Kamfanin Toyota ya fara Hilux a 1968, jerin Land Cruiser 70 kuma a 1984. Sunansu a yankinmu ya ƙaru ne tun 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki na Libiya a kan irin waɗannan motoci, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota.

To wa ke da buƙatarta ta gaskiya a jihar Maraɗi?

Duk wanda aikinsa ke farawa inda kwalta ta ƙare. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Runji da Agiye da Tasawa, akwai ta Dan Isa zuwa Jibiya, akwai ta Dakoro. Ka sauka daga waɗannan ka nufi ƙauye, sai jigawa. Da rani rairayi ne mai laushi da ke haɗiye ƙaramar mota har ciki, da damina kuma kwazazzabai da taɓon fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba.

Likitan dabbobi mai zuwa rigakafi wajen Barmo da dajin Gadabeji yana buƙatarta. Motar ɗaukar marar lafiya da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin watan Agusta tana buƙatarta, nan batun rai ne. Haka masu haƙa rijiyar burtsatse, ma'aikatan gona, jami'an tsaro, ƙungiyoyin agaji, da ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye yana sayen aya da riɗi da wake da kansa. Na taɓa bin wani irin wannan ɗan kasuwa. Mun kafe a wani tudun rairayi da buhu takwas a baya. Yaron motar ya sauko, ya tsuguna da tsinken ashana yana rage iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya har suka ɗan baje, direba ya sa 4L, muka fita ba tare da an sauke buhu ko ɗaya ba. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ce motar ado ce ba.

Amma ai da can ana kai kaya ƙauye ba tare da ita ba?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan hujja ce mai nauyi. Shekara da shekaru akori-kurar Peugeot 404 da 504 ce ke cin kasuwannin ƙauye, alhali ƙafafun baya kaɗai ke ja. Fasinja ne katkat ɗinta: ta kafe, a sauko a tura. Har gobe mafi yawan amfanin gona a amalanken shanu da jaki yake fitowa bakin hanya, babur kuma yana shiga inda mota ba ta shiga. Abin da katkat ta ƙara shi ne sauri da tabbas.

Yaya za a gane wadda aka saya don a gani?

Kada ka duba gabanta, leƙa bayanta. Motar aiki fentin bayanta ya kankare, ƙofar baya ta lotsa, akwai igiya da shebur da jarka. Ta nuna isa kuwa an shimfiɗa mata roba ko an rufe ta da murfi mai makulli, an sa gilashi mai duhu da fitilu a saman kai. Sannan ka tambayi mai ita yaushe rabonsa da sa 4L. Wani makanike ya ce mini ana kawo masa motocin da giyar katkat ɗinsu ta ƙage don ba a taɓa ta, shekara ta zagayo. Akwai ma masu sa 4H a kan kwalta don jin cewa motar ta fi ƙarfi, alhali a busasshiyar hanya mai kama taya hakan wahalar da ƙarafan ƙasa yake yi, ya cinye tayoyi.

Mai gida biyu ita ce ta fi shiga hannun masu ado, domin tana da kujerun iyali da sanyi kamar ƙaramar mota, sai dai bayanta ya gajarce. Mai son lodi da gaske gida ɗaya yake nema.

Shin nuna isa laifi ne, tunda kuɗinsa ne?

A nan nake ɗan sassauta wa Alhazan Maraɗi. Kasuwancin garin nan a kan amana da bashi ya ginu. Mutum ya je Kano ko Katsina ɗaukar kaya a biya daga baya, abin da ya sauko daga ciki yana cikin abin da ake auna shi da shi. Ɗan kwangila ma haka, ɗan siyasa kuwa ba a magana. Ga irin waɗannan, ganin da ake yi musu wani ɓangare ne na jari, kamar babbar riga.

Inda ba na sassautawa shi ne wanda ya sayar da gona ko ya taɓa uwar kuɗi don kada a ce sa'ansa ya riga shi. Kuma a ɓangaren Madarumfa da Gidan Runji, inda matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane ta addabi ƙauyukan bakin iyaka, shiga da mota mai ɗaukar ido ba dabara ba ce.

Nawa take ci idan an saye ta?

Sayen ma ya ƙara wuya. Motocin hannu ta tashar Kwatano suke shigowa a da, amma tun rufe iyakar Binin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ga kuɗin duwan. Sai mai. A 2024 gwamnati ta mayar da litar gazuwal sefa 618, isansi 499. A ce motarka na shan lita 10 a kilomita 100. Zuwa Yamai da dawowa ya haura kilomita 1,300, wato wajen jika 80 ke nan a wancan farashi. Ƙaramar mota mai shan lita 7 na isansi za ta yi wannan tafiya da kamar jika 45, a kan kwalta ɗaya, ku isa lokaci ɗaya. Tayoyinta sun fi tsada, man juye ya fi yawa. Abin da ke cetonta shi ne ba ta faɗuwa a kasuwa da wuri, kayan gyaranta kuma kowane gareji ya san su.

Ni ina da gona a ƙauye, ina zuwa jefi-jefi. In saya?

Malam, ɗauki biro ka ƙirga kwanakin da ka bar kwalta bara. Idan shuka ce da noman farko da girbi, sai gaisuwar mutuwa biyu ko uku, ba su kai kwana ashirin ba. Ka riƙe ƙaramar motarka, ka ɗauki shatar katkat a ranakun, buhunanka amalanke ta fito maka da su bakin titi. Idan kuwa kowane mako sai ka shiga jigawa, nemi mai gida ɗaya, ka tafi da makanikenka ya kwanta ƙarƙashinta, ya sa 4L a rairayi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.