Bajintar ɗan Adam da gasar Olamfik: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara huɗu idan gasar Olamfik ta zagayo, sai ka ji masu sharhi suna ta maganar "ruhin Olamfik". Ga abin da ke bayan wannan magana.

Daga ina wannan tunani ya samo asali?

Daga Girkawan dā. Suna da wata kalma, arete, wadda ke nufin abu ya kai matuƙar nagarta a aikin da aka yi shi dominsa. Nagartar wuƙa kaifi, ta doki gudu, ta mutum kuwa ya yi amfani da jikinsa da hankalinsa har iya ƙarshen abin da za su iya. Filin wasa na Olympia, inda ake ƙirga fara gasa daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), nan ne ake gwada wannan a bainar jama'a. Wanda ya ci, kambun ganyen zaitun kawai ake ɗora masa a ka, sai dai in ya koma garinsu ya sha gata. Wanda ya zo na biyu kuwa, ko kallo bai isa ba.

Wa ya farfaɗo da shi a wannan zamani?

Wani Bafaranshe ne, Pierre de Coubertin. Shi tarbiyyar matasa ce ta dame shi, kuma yadda makarantun Ingila suka haɗa karatu da wasanni ya burge shi. A 1894 ya tara mutane a jami'ar Sorbonne da ke Paris aka kafa kwamitin Olamfik na duniya, aka yi gasar farko a Athens a 1896. Taken gasar da Latinanci, Citius, Altius, Fortius, ya aro shi ne daga abokinsa, wani limamin coci mai suna Henri Didon. Ma'anarsa a ƙara sauri, a ƙara tashi sama, a ƙara ƙarfi. A lura, taken bai ce a fi kowa ba, cewa ya yi a ƙara. A 2021 aka haɗa masa da kalmar "tare".

Ana cewa shiga gasa ya fi cin ta muhimmanci. Ba lallashin wanda ya sha kaye ba ne wannan?

Da Girkawan dā za a tambaya, haka za su ce. Maganar ta Coubertin ce, ya tsinto ta daga huɗubar wani bishop ɗan Amurka, Ethelbert Talbot, lokacin gasar Landan ta 1908. Ni ma na daɗe ina ɗaukarta zaƙin baki, har na ga hoton bidiyon John Stephen Akhwari na Tanzaniya a gudun fanfalaki na Mexico a 1968. Ya faɗi a hanya ya ji mummunan rauni a gwiwa. Mamo Wolde na Habasha ya ci tseren, duhu ya shiga, yawancin 'yan kallo sun watse. Fiye da awa guda bayan haka sai ga Akhwari ya shigo filin, ƙafa naɗe da bandeji mai reto, yana ɗingishi, ya ɗan taka ya ɗan sassarfa har ya tsallake layi, shi ne na ƙarshe. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ƙasarsa ba ta turo shi wannan uwa duniya don ya fara tsere ba, sai don ya gama. Yau mutane da yawa sun san sunansa, ba su san na wanda ya zo na biyu ba.

Shin ƙarfin ɗan Adam yana da iyaka?

Yana da ita mana, gardamar dai a kan inda take ne. An yi shekaru ana haƙilon gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, sai Roger Bannister ya yi shi a Oxford ranar 6 ga Mayun 1954. Kwana 46 kacal John Landy na Ostiraliya ya fi shi. Amma dogon tsallen mita 8.90 da Bob Beamon ya yi a 1968 sai da ya shekara kusan 23 kafin Mike Powell ya ɗara shi da santimita 5, kuma tun 1991 ɗin nan ba wanda ya sake matsar da shi.

In burin a ƙara sauri ne, me ya sa ake hana ƙwayoyin ƙara kuzari?

Saboda ba agogo ake yi wa tafi ba, mutum ake yi wa. Ben Johnson na Kanada ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a Seoul a 1988, kwana uku aka ƙwace zinaren da gwaji ya tona shi. Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne batun kayan aiki. A Vienna a 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, da takalma na musamman da 'yan rakiya masu karɓa-karɓa suna tare masa iska. Ƙafafunsa ne suka yi gudun, babu ja, amma hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta rubuta shi a matsayin tarihi ba, kuma ina ganin ta yi daidai.

Ba ɗaukaka ɗan Adam ake yi fiye da kima ba?

Haɗarin yana nan, shi kansa Coubertin ya kwatanta abin da wani irin addini na 'yan wasa. Amma dubi 'yan tseren da ke faɗuwa sujada ko ɗaga hannu sama da zarar sun ci. Su baiwa suka ɗauke ta, wadda aka ba su amana su wahalta mata.

Kowa da kowa aka buɗe wa ƙofar tun farko?

Ina! Coubertin bai yarda mata su yi takara ba, babu mace ko ɗaya a gasar 1896. Dokar hana karɓar kuɗi kuma 'ya'yan masu hali ta yi wa daɗi. Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun Amurka, ya ci zinare biyu a Stockholm a 1912, aka ƙwace su a 1913 don ya taɓa buga wasa an biya shi 'yan daloli. Ya rasu a 1953, sai a 1983 aka miƙa wa 'ya'yansa lambobin.