Binciken Garki kan zazzaɓin cizon sauro

Binciken Garki babban aikin nazari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jihar Jigawa. Ba Garkin Abuja ake nufi ba. Masana kan kafa hujja da shi wajen nuna cewa bayanan da aka tattara a wuri suna iya rushe tsarin da aka zo da shi daga nesa.

A 1955 hukumar ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga duniya, tana dogaro da feshin DDT, wani maganin kashe ƙwari, a bangon ɗakuna. Dabarar ta ci a kudancin Turai da wasu sassan Asiya, amma a 1969 aka jingine shirin ba tare da an gwada shi sosai a yawancin Afirka ba. Sai aka zo Garki don a gani ko feshi da rabon magani za su katse yaɗuwar cutar a ƙasar da daminarta gajeriya ce amma sauronta ya yi katutu.

An fara da auna halin da ake ciki: ana ɗibar jinin mutanen ƙauyuka a kai a kai, ana kama sauro ana dubawa, ana rubuta haihuwa da mutuwa. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin sauro mai suna propoxur a gidaje. Wasu ƙauyukan an haɗa musu da rabon magungunan maleriya, sulfalene da pyrimethamine, wasu duk mako 10, wasu duk mako 2 da damina, aka bar wasu ba a taɓa su ba don kwatance.

Feshi shi kaɗai bai taka kara ya karya ba. Inda aka haɗa da magani akai-akai, masu ƙwayar cutar a jini sun ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu, amma yaɗuwar ba ta tsaya ba, kuma da aka janye hannu cutar ta dawo. Babban dalilin yana ga halin sauron yankin, Anopheles gambiae da ɗan'uwansa arabiensis. Wani ɓangare nasu kan yi cizo su fice waje su huta, ba sa sauka a bangon da aka fesa. Lissafin da aka yi a baya ya ɗauka duk sauro halinsu ɗaya ne, kuma nan aka yi kuskure.

Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun wallafa cikakken rahoton a 1980. Sakamakon ya ƙarfafa ra'ayin cewa a irin wannan ƙasa gara a mayar da hankali kan rage rashin lafiya da mutuwa, musamman ta yara, maimakon alkawarin kawar da cutar. Har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya suna gwada ƙididdigarsu da alƙaluman Garki.

Irin wannan dogaro da shaidar wuri ya sake fitowa a 2012, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata da damina, bisa gwaje-gwajen da aka yi a Senegal, Mali, Burkina Faso, Gambiya da Ghana. An fara rabon a Jihar Katsina da wasu gundumomin kudancin Nijar a 2013. Gabashin Afirka kuwa ba a saka shi ba a lokacin, don ƙwayar cutar can ta riga ta fara bijire wa ɗaya daga cikin magungunan da ake bai wa yaran.