Yadda malami zai zaɓi fitowa da jawabai don ajin wasan kwaikwayo a sakandare

Me zai hana a ɗauki wasa guda a yi shi daga farko har ƙarshe?

Lokaci da yawan ɗalibai. Darasi bai fi minti 40 ba a makarantu da dama, aji kuwa cike yake maƙil. In aka ɗauki cikakken wasa, mutum biyar ko shida ne za su kwashe manyan matsayi, sauran su zama 'yan kallo har zango ya ƙare. Gajeruwar fitowa, wato ɗan yankin wasa, ta mutum biyu ko uku, ko jawabin da ɗan wasa zai yi shi kaɗai, ita ke ba kowa damar hawa dandamali.

Akwai littattafan Hausa da suka tattara irin waɗannan?

Tun 1930 wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya fitar da gajerun wasanni shida da Hausa domin makarantu, amma sanannun littattafan da suka biyo baya yawancinsu cikakkun wasanni ne. Don haka malami ne zai zauna ya tsamo abin da yake so, ya haɗa nasa kundin. Akwai wuraren ɗiba: Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Mai son ɗalibansa su ɗanɗana Shakespeare da harshensu, ga Daren Sha Biyu, fassarar Ibrahim Yaro Yahaya.

Yaya ake gane fitowar da za ta yi armashi a aji?

A nan ne ya kamata malami ya ɓata lokacinsa. Kada ka yanke hukunci da karatun zuci. Miƙa wa ɗalibai biyu takardar su tashi su karanta da ƙarfi, kai kuma ka koma bayan aji ka saurara. In suna ta tuntuɓe a kan jimloli masu tsawo, na kusa da taga sun fara leƙen waje, ajiye ta. In kuwa mai karatun ya fara ɗaga murya yana nuni da hannu ba tare da an ce ya yi ba, ka samu.

Abin dubawa na biyu: shin wani yana neman wani abu a wurin wani? Matar da ke neman mijinta ya ba da kuɗin cefane, ɗan da ke roƙon mahaifinsa ya bar shi ya ci gaba da karatu, wannan ɗalibi zai iya takawa, domin ya san abin da yake nema da wanda ya tare masa hanya. Jawabin da ba kowa ake gaya wa ba, nasiha ce kawai jere, yakan koma hadda. Yaro ya miƙe ƙiƙam ya zubo ta ya zauna, bai koyi komai na wasa ba. Ni dai na fi son jawabin minti ɗaya ko biyu da ke da fushi ko roƙo a ciki, a kan mai shafi uku da ya tara hikima.

Sannan fitowar ta iya tsayuwa da ƙafarta. In sai an yi dogon bayanin abin da ya faru a kashi na ɗaya kafin a fahimce ta, ba ta dace ba.

Littattafan Turanci masu tattara irin waɗannan fitowa da jawabai da ake bugawa a Amurka da Ingila fa?

Suna da amfani, musamman wajen tsari: sukan nuna yawan maza da mata a kowace fitowa da tsawonta. Amma an rubuta su ne don yaran can, kuma wasu suna ɗauke da zancen giya, da soyayyar da iyaye a nan ba za su lamunta ba. Karanta kowane shafi da kanka kafin ya shiga hannun ɗalibi.

Me aka fi mantawa da shi?

Ƙirga matsayin mata. A makarantar 'yan mata zalla, ko ajin da mata suka fi yawa, littafin da jarumansa duk maza ne zai bar rabin aji a zaune. A kuma duba littafin wasan da ke cikin manhajar WAEC ko NECO ta shekarar, a ɗebo fitowa biyu ko uku daga ciki, domin abin da ɗalibi ya taka da kansa ya fi zama masa ranar jarrabawa.