Fidda gwanin shugaban ƙasa: me ya sa ra'ayinmu na majalisar hira baya kaiwa akwati?

A watan Mayun 2022 ina zaune wajen mai shayin da nake zuwa da safe nan kusa da Wunti a garin Bauchi, ana ta musu kan zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa kamar za a daki juna, wannan yace Atiku, wancan yace ai Ƙaura, wato gwamna Bala Mohammed, namu ne dole mu bi na gida, wani matashi ɗan acaɓa kuma yana ta cewa shi Kwankwaso ko ba kowa. Sai wani dattijo da nake ganin girmansa sosai ya zaro katin zaɓensa daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya juyo yace min "ɗana, kai da kake sauraron labarai, ran yaushe ne za mu je mu kaɗa wa Ƙaura?" Nace Baba ai wannan zaɓen ba da mu za a yi ba, katin nan naka sai watan Fabrairu zai yi aiki. Yayi shiru can yace "to su wa za su zaɓa?" Nace daliget, wato wakilan jam'iyya. Yace "mutum nawa daga Bauchi?" Da na faɗa masa sai ya mayar da katin aljihu bai ƙara magana ba, kuma wallahi shirun nan nasa ya daɗe yana damuna, shi yasa nake so in warware abin nan dalla-dalla yadda Dokar Zaɓe ta 2022 ta tsara shi, wato dokar da Buhari ya sa wa hannu ran 25 ga Fabrairun 2022, wadda a ƙarƙashinta aka fitar da 'yan takarar da muka zaɓa a 2023.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulki ne tun kafin a zo kan dokar zaɓe. Sashe na 131 ya ce wanda zai nemi shugabancin ƙasa sai ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35 (da 40 ne, a 2018 aka rage), yana da ilimi aƙalla matakin sakandare, sannan ga babban, sai ya zama ɗan wata jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Kaga kenan komai son da jama'a suke wa mutum, ko da duk kasuwar Muda Lawal ta tashi ta ce shi take so, in jam'iyya bata bashi tuta ba babu yadda za a yi ya shiga takara. Ba mu da ɗan takara mai zaman kansa. Ƙofa ɗaya ce, kuma makullinta yana hannun jam'iyya.

Sai dokar zaɓe ta 2022 ta zo a sashe na 84 tace to jam'iyya ba yadda kika ga dama za ki fitar da mutum ba, ga hanyoyi uku, ko 'yar tinƙe, ko daliget, ko maslaha, kuma ko wacce aka ɗauka dole hukumar zaɓe INEC ta sa ido. Sai an ba ta sanarwa aƙalla kwana 21 kafin ranar, sannan rajistar 'yan jam'iyya sai ta isa hannun hukumar kwana 30 kafin zaɓen.

'Yar tinƙe ita ce wadda talaka ya fi so in ka tambaye shi, don a nan duk wanda sunansa ke cikin rajistar jam'iyya yana da ƙuri'a, a gundumarsa za a ware wuri ya je ya zaɓa, daga baya a yi babban taro a tabbatar da wanda ya fi yawan ƙuri'a. Amma a lura, katin jam'iyya ake nufi ba katin zaɓe na INEC ba, wannan ne mutane da yawa suke haɗawa. APC tayi irin wannan a 2018 inda aka sanar Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 14, shi kaɗai ne ma a takarar. Majalisar tarayya ta so ta wajabta 'yar tinƙe a kan kowace jam'iyya, a Disambar 2021 Buhari yaƙi sa hannu, yace abin zai ci kuɗi, ga matsalar tsaro, kuma bai kamata a hana jam'iyyu zaɓin yadda za su tafiyar da gidansu ba. Sai da aka maido da daliget aka ƙara maslaha sannan ya sa hannu.

To daliget ɗin nan shine inda nake so mu ɗan daɗe, don da shi manyan jam'iyyun biyu suka fitar da 'yan takararsu.

Dokar 2022 tace a tara wakilai a babban taro na musamman a Abuja ko wani wurin da shugabannin jam'iyya suka amince, su kaɗa ƙuri'a, wanda ya fi yawa shine ɗan takara, shikenan. Babu maganar sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, wancan na babban zaɓe ne. Sannan ƙaramin sashe na 8 na sashe na 84 ɗin ya ce wakilan da za su yi zaɓen sai waɗanda aka zaɓa ta hanyar dimokuraɗiyya don wannan aikin. Wannan 'yar jimlar ta girgiza siyasar 2022 fiye da yadda kowa ya zata, saboda a da akwai waɗanda muƙaminsu kawai ke basu ƙuri'a kai tsaye, shugaban ƙasa, gwamnoni, sanatoci, 'yan majalisa na yanzu da tsofaffi, ciyamomi, shugabannin jam'iyya, duk sai aka wayi gari dokar bata ambace su ba. 'Yan majalisa da suka farga cewa sun rufe wa kansu ƙofa sai suka yi sauri a watan Mayu suka gyara suka aika fadar shugaban ƙasa, ba a sa hannu ba har aka yi zaɓukan aka gama.

Abin da ya biyo baya shine adadin masu zaɓen ya ragu matuƙa. PDP wakili ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, ƙasar kuma ƙananan hukumomi 774 gare ta, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a filin wasa na Abiola da ke Abuja ran 28 ga Mayu basu kai 800 ba. Atiku ya samu 371, Wike 237, Saraki 70, Udom Emmanuel 38, gwamnanmu Bala Mohammed 20, bayan Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku ana dab da fara zaɓe. Bauchi ƙananan hukumomi 20 ne, shi yasa washegari kowa a gari lissafin da yake yi kenan. APC ta ɗauki uku-uku, mutum dubu biyu da 'yan ɗaruruwa suka taru a dandalin Eagle ran 7 zuwa 8 ga Yuni, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Yanzu ka ɗora wannan a kan masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93 da ƙasar take da su a zaɓen 2023. Jiharmu kaɗai tana da masu kati sama da miliyan biyu da rabi, amma a wannan matakin mutum 20 ne daga ƙananan hukumominmu suka yi magana da yawunmu a jam'iyya ɗaya, 60 a ɗayar. Gombe maƙwabtanmu ƙananan hukumomi 11, sai ka lissafa da kanka.

Ni a ganina nan ne gizo yake saƙa. In masu zaɓe basu da yawa, sanin gidajensu da lambar wayarsu ba wuya, kwasarsu a zuba a otal ɗaya a Abuja a sa musu mai gadi ba wuya, kuma duk mun ji zarge-zargen rabon daloli da suka cika kafafen labarai a makon, har jami'an EFCC sai da aka gani a wuraren taron. Dokar ta haramta ba da cin hanci don a sayi ƙuri'a, da mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne, amma abin da aka yi a ɗakin otal da tsakar dare wa zai zo ya bada shaida. Akwai wani daliget da na sani, ba a Bauchi gari ba, mutumin kirki ne a mu'amala, na tambaye shi bayan ya dawo nace Yaya, da za ka tafi ka tara mutanen gundumarku ka ji wa suke so? Yace "ƙanena, wa ya tambaye ni ni kaina wa nake so? An dai ce mana ga inda jiha ta fuskanta." Bai ɓoye min ba, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don babu inda doka ta ɗaure shi da cewa sai ya bi ra'ayin waɗanda suka tura shi. Da ya shiga wajen kaɗa ƙuri'a shi da Allahnsa ne, da kuma wanda ya sa sunansa a jerin.

Ka duba mutum biyu da suka fi tashe a bakin matasa a shekarar. Kwankwaso tun Maris ya bar PDP ya koma NNPP, Peter Obi kuma saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen fidda gwani ya fice ya tafi Labour. Duk su biyun sun nuna a babban zaɓe cewa suna da jama'a, miliyoyin ƙuri'u aka basu, amma farin jini a titi da yawan daliget a hannu abubuwa ne daban, kuma sun fi mu sanin haka.

Maslaha kuwa mutane suna ɗauka dattawa ne kawai za su zauna su nuna mutum. A doka ba haka bane. Sai duk wanda aka tantance a takarar ya rubuta da hannunsa cewa ya janye don radin kansa kuma ya goyi bayan wane, in mutum ɗaya tak yaƙi to maslaha ta rushe, a koma 'yar tinƙe ko daliget, in ma an samu sa hannun kowa sai an yi taro an tabbatar. Mun ga misali sau biyu. A Afrilun 2022 Farfesa Ango Abdullahi ya sanar da Saraki da Bala Mohammed a matsayin waɗanda dattawan Arewa suka tsayar a PDP, Tambuwal da Hayatu-Deen suka ce basu yarda ba, magana ta mutu a nan. A APC kuma ana gobe taro shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka tsaya a kan mulki ya koma Kudu, aka tafi akwati. Wannan sashen gaskiya ina yabonsa, don ya hana a danne mutum da sunan sulhu, duk da dai matsin lamba ta bayan fage ba abin da takarda za ta iya hanawa bane.

Akwai kuma ƙaramin sashe na 12 da ya hana mai riƙe da muƙamin naɗi, minista ko kwamishina ko mai ba da shawara, ya zama daliget ko ya tsaya takara yana kan kujera, shi ya sa irin su Amaechi da Akpabio suka ajiye aiki. Maganar kuɗin fom kuwa, naira miliyan 100 a APC miliyan 40 a PDP, wannan kaɗai ya tace 'yan takarar tun kafin a tambayi ra'ayin kowa.

To in an yi maguɗi fa, wa zai kai ƙara? Ba ni ba, ba Baba mai kati a leda ba. Ɗan takarar da ya shiga zaɓen ne kaɗai doka ta ba damar zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma kundin tsarin mulki ya bashi kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru, ya wuce haka ko yana da gaskiya an kori ƙarar. Kotu kuma bata da ikon dakatar da zaɓen fidda gwani ko babban zaɓe don ana shari'a. Amma in ta tabbata jam'iyya ta saɓa doka wajen fitar da ɗan takara, ana iya cire ta daga wannan takarar gaba ɗaya, kuma mun san abin da ya faru da APC a Zamfara a 2019 ƙarƙashin tsohuwar doka, ta ci zaɓe tun daga gwamna har 'yan majalisa, Kotun Ƙoli ta ƙwace duka saboda ba a yi sahihin fidda gwani ba.

Abin da yake min ciwo shine ƙarfin da muke zubarwa a inda ba a ƙirgawa. Mu kira gidan rediyo mu ƙare kati, mu yi faɗa da 'yan uwa a Facebook da WhatsApp, wani ya buɗe ƙuri'ar jin ra'ayi mutum dubu biyar su danna a yi ta murna wane ya lashe. Ba na ce banza bane, 'yan siyasa suna kallon inda iska take kaɗawa kuma wani lokacin tsoron faɗuwa a babban zaɓe yana sa su bi wanda jama'a ke so. Amma a shari'ance ko ƙuri'a ɗaya babu a ciki. A tsarin daliget da aka bi a 2022, wurin da ake ƙirgawa shine taron gunduma, inda ake zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa da wakilan da su kuma daga cikinsu ake hawa zuwa ƙaramar hukuma har Abuja, kuma ranar da ake wannan taron sau da yawa za ka samu mutum talatin ne ko arba'in a ƙarƙashin bishiya ko a harabar firamare, wani ya zo da jerin sunaye a rubuce daga sama, a ce kun yarda, a ce mun yarda, a watse kafin azahar. Da mutum ɗari uku masu katin jam'iyya da sunansu a rajista suka tsaya a wurin suka ce sai an ƙirga, da mai jerin sunayen nan sai ya sake tunani.

Bayan an gama zaɓen 2023 na sake haɗuwa da dattijon nan a wurin shayin, shi ya fara tuna min, yace "ɗana, katin jam'iyyar nan da kace, a ina ake yi?" Nace Baba ofishin jam'iyyar da kake so na gundumarku za ka je, ka tabbatar an rubuta sunanka a cikin littafin rajista ba wai a miƙo maka kati kawai ba, ka kuma tambayi sakatare ranar taro. Yace zai tura babban ɗansa ya fara dubo masa ofishin, don rabon da ya gan shi a buɗe tun lokacin kamfen.